Alhakin Mai Isarwa: Nazari a kan Saita Sabar da ke Miƙa Fayil Yadda Yake

Daga cikin tambayoyin da malaman Musulunci suka daɗe suna tattaunawa akwai matsayin mutumin da aikinsa kawai shi ne ya ɗauko magana daga wani ya kai wa wani, ba tare da ya ƙara ko ya rage ba: shin akwai wani alhaki a wuyan irin wannan mutum, ko kuwa nauyin duka yana kan wanda ya faɗi maganar da wanda ya ji ta ya yi aiki da ita? Tambayar ta sake tasowa a wannan zamani ta wata ƙofa da magabata ba su san ta ba, wato ƙofar na'urar da ake kira saba, wadda wasu ke cewa uwar garke, kwamfutar da ke zaune dare da rana a haɗe da intanet tana jiran a roƙe ta wani abu ta miƙa. Abin da saba ke miƙawa iri biyu ne. Akwai shafin da ake haɗawa nan take, inda wata manhaja ke duba wanda ya zo, ta tsinto bayanai daga rumbu, ta shirya masa amsar da ta keɓanta da shi, kamar yadda Facebook ke yi wa kowa nasa shafin. Akwai kuma kafaffen fayil, wato littafi ko hoto ko sauti ko shafin da aka riga aka rubuta aka ajiye, wanda saba ke ɗaukowa daga faifanta ta tura wa duk wanda ya nema ba tare da ta taɓa ko harafi ɗaya a cikinsa ba. Nau'i na biyu ne abin dubawa a nan, domin a cikinsa ne ake tsammanin babu wani alhaki, alhali kuwa alhakin yana nan a ɓoye cikin layukan saitin da wani mutum ya rubuta da hannunsa.

Batun ba baƙo ba ne a Dutse. Tun bayan da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991 garin ya zama mazaunin gwamnati, kuma a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, jihar ta yi suna wajen rungumar fasahar sadarwa, aka kafa kamfanin Galaxy a Dutse da cibiyar Informatics a Kazaure, sannan a 2011 Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo tana yaye ɗalibai masu ilimin kwamfuta. Sakamakon haka shi ne a tsofaffin unguwanni irin su Limawa da Garu, inda karatun zaure da makarantun allo suka riga boko da ƙarnoni, yanzu ana samun matasan da suka haɗa karatun biyu, kuma su ne ake damƙa wa tafsirin azumi da aka naɗa, da karatun littattafan fiƙihu, da hotunan tsofaffin takardun gida, a ce su ɗora a intanet domin na nesa su amfana. Mafi yawan waɗannan abubuwa kafaffun fayiloli ne, kuma matashin da ya karɓe su ya zama wani zobe a cikin sarƙar da ilimi ke bi, ko ya san haka ko bai sani ba.

Da wannan nau'i yanar gizo ta fara. Sabar farko, wadda Tim Berners-Lee ya kunna a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba a ƙarshen 1990, tana miƙa rubutattun shafuka ne ga masu nema, kuma manhajojin da suka fi shahara a wannan aiki har yau, wato Apache da ta bayyana a 1995 da Nginx da Igor Sysoev ya fitar a 2004, ana iya sa su miƙa kafaffun fayiloli da layukan saiti da ba su kai goma ba. Wannan sauƙi ne ke yaudarar mutane, har su ɗauka cewa wanda ya rubuta layukan bai yi komai ba face buɗe famfo.

Hujjar masu kore alhaki tana da ƙarfinta, kuma ya dace a kawo ta yadda take. Suna cewa saba ba ta da niyya, ba ta da hankali, ba a ɗora mata shari'a ba, kuma tunda ba ta sauya abin da aka ba ta, to kuskuren da ke cikin fayil na marubucinsa ne, amfanin da aka yi da shi kuma na mai karantawa ne. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne, domin babu wanda ya ce ƙarfe yana ɗaukar zunubi. Sai dai rashin niyyar na'ura ba ya kawar da alhaki daga duniya, yana mayar da shi ne kacokan kan wanda ya saita ta, saboda duk abin da za ta yi wa dubban mutanen da bai taɓa gani ba, shi ne ya yanke shi tun farko. Rabi na biyu kuwa ya ginu ne a kan zaton cewa isar da abu ba tare da sauyi ba rashin aiki ne, kuma malaman hadisi sun daɗe da rusa wannan zato. Sun sharɗanta wa mai ruwaya abubuwa biyu: adalci, wato ya kasance mutumin kirki da ba ya ƙarya, da kuma kiyayewa, wato ya iya riƙe abin da ya ji, a ƙirjinsa ko a littafinsa, har ya bayar da shi yadda ya karɓa. Da isarwa daidai abu ne da ke faruwa da kansa, da ba su ware masa sharaɗi na daban ba, kuma da ba a sami salihan bayin da aka ƙi ruwayarsu saboda raunin kiyayewa ba. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda a cikinsa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'ar alheri ga wanda ya ji maganarsa ya kiyaye ta ya isar da ita yadda ya ji, yana nuna cewa isarwa aiki ne mai lada, kuma abin da ake ba da lada a kan kyautata shi, ana tuhuma a kan sakaci da shi.

Magabata sun yi saɓani a kan ko ya halatta a ruwaito hadisi da ma'anarsa ba da lafazinsa ba. An san Muhammadu ɗan Sirin da tsanantawa a kan lafazi, an kuma san Hasanul Basari da sassautawa ga wanda ya san harshe ya san abin da ke sauya ma'ana. Amma Ibnus Salahi, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan hijira, ya bayyana a littafinsa na ilimin hadisi cewa wannan saɓani bai shafi abin da aka riga aka rubuta a littattafai ba, domin babu wanda ke da ikon sauya lafazin wani mawallafi ya sa nasa. Sabar kafaffun fayiloli tana kan wannan tsattsauran ra'ayi ne ta fuskar ƙa'ida, tunda tana tura kowace ƙwayar bayani yadda take. Abin lura shi ne tana iya tura fayil cikakke ba ragi, amma ya isa ga mai karatu a gurɓace, saboda fayil ba ya tafiya shi kaɗai. Saba tana haɗa shi da wani gajeren bayani da ke gaya wa burauza, wato manhajar da mutum ke buɗe shafuka da ita, ko wane irin abu ne wannan kuma da wane tsari aka rubuta haruffansa. Idan bayanin ya yi kuskure, sauti yakan zo a matsayin tarkacen rubutu, littafi kuma ya ƙi buɗuwa.

A nan ne Hausa ke da rauni na musamman. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka samu gindin zama a rubutun boko a shekarun 1930 lokacin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya, ba sa cikin tsohon jerin haruffan da aka fara gina kwamfuta a kansu. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙira a 1992 kuma ya mamaye yanar gizo a yau, kowane ɗaya daga cikinsu yana cin ƙwayar bayani biyu. Idan saba ba ta sanar da burauza cewa da wannan tsari aka yi rubutun ba, burauza tana iya karanta kowace ƙwaya daban bisa wani tsohon tsari na Turai, sai ƙ ta fito a matsayin Æ™, ɗ kuma ta zama É da dogon layi. Nginx ba ta sanar da tsarin haruffa da kanta sai an umarce ta, kuma umarnin layi ɗaya ne tak. Wanda ya bar wannan layi bai yi wa malaminsa ƙarya ba, amma ya sa maganarsa ta isa a karye, kuma abin da yakan biyo baya ya fi muni, domin mutane idan suka gaji da ganin tarkace sukan cire lanƙwasar gaba ɗaya, sai a kasa bambance wanda ya ba ta da wanda ya ɓata, a rubutun da hukuncin aure ko na gado zai iya rataya a kan harafi guda. Haka nan sunan da aka ba fayil yana cikin bayanin da ke tafiya da shi. A ƙasar Hausa alarammomin tsangaya suna karatu da rubutu da ruwayar Warshu, makarantun Islamiyya da yawa kuma suna bin ruwayar Hafsu, don haka mus'hafin da aka ɗora ba a bayyana ruwayarsa ba yana iya sa ɗalibi ya zaci kuskure a inda babu kuskure, ko ya yi wa wanda ya fi shi sani gyara.

Saiti mafi muhimmanci shi ne wanda ke faɗa wa saba daga wace jaka za ta riƙa ɗauko abin da za ta bayar. Nginx tana kiran sa root, Apache tana kiran sa DocumentRoot, kuma a kwamfutocin Debian da Ubuntu jakar da aka saba ita ce /var/www/html. Matsayin wannan jaka a cikin kwamfuta kamar matsayin zaure ne a gidan Bahaushe: abin da aka fito da shi zaure na duk wanda ya yi sallama ne, abin da ke cikin gida kuwa ba ya halatta ga baƙo ko da ya san yana nan. Aikin mai saiti shi ne ya tabbata cewa iyakar tana nan daram, kuma bai jibge kayan cikin gida a zaure don sauƙin kansa ba. Kurakuran da aka fi yi a nan sanannu ne: a bar kwafin rumbun bayanai, ko fayil mai ɗauke da kalmomin sirri, ko jerin sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu, a cikin jakar da kowa ke iya kaiwa, bisa zaton cewa tunda ba a sa mahaɗinsa a shafi ba babu wanda zai gano shi, alhali akwai manhajojin da ke yawo ba dare ba rana suna gwada irin waɗannan sunaye a kowace saba. Akwai kuma saitin da ke jera wa baƙo duk abin da ke cikin jaka idan bai tarar da shafin farko ba, wanda Nginx ke zuwa da shi a kashe, amma Apache a wasu tsare-tsaren Linux takan zo da shi a kunne.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Dutse, daga Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani zuwa Muhtasar na Halilu, yana da babi a kan ajiya, kuma ƙa'idarsa ita ce wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai idan ya wuce iyaka ko ya yi sakaci. Wannan ma'auni ya dace da mai saiti ƙwarai, kuma wani abin da ya faru a watan Oktoba na 2021 yana fayyace shi. A lokacin an gano wata ɓaraka a Apache mai lamba 2.4.49, wadda ke ba mai kutse damar tsallake jakar da aka ware ya karanta fayilolin da ke wajenta, kuma gyaran farko bai toshe ta duka ba sai da aka fitar da 2.4.51. Ɓarakar ba laifin masu saiti ba ce, amma ta fi cutar da waɗanda ba su rubuta umarnin hana shiga sauran sassan kwamfutar ba, waɗanda suka rufe komai tun farko suka buɗe abin da ake bukata kawai kuwa sun tsira. Wanda ya ɗauki matakin da masu sana'ar suka saba ɗauka, sannan wata musiba da ba a sani ba ta afka masa, hukuncinsa na amintacce ne. Wanda aka sanar da gyara ya yi watanni bai sabunta ba, ko ya ba kowa ikon rubutu a jakarsa don ya huta da neman dalilin matsala, ya shiga babin sakaci, kuma cewa aikin sa kai yake yi ba a biyan sa ba ya fitar da shi, domin mai ajiya ma a asali ba biyan sa ake yi ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ayoyin neman izini da ke Suratun Nur sun hana shiga gidan wani ba da izini ba ko da ba a tarar da kowa a ciki ba, sun kuma umarci wanda aka ce ya koma da ya koma, saboda haka sakacin mai saba ba ya halatta wa mai kutse abin da ya tarar a buɗe.

Kowace amsa da saba ke bayarwa tana ɗauke da lamba: 200 na nufin an samu ga shi, 403 na nufin an hana, 404 na nufin ba a samu ba, 301 na nufin abin ya koma wani adireshi har abada, 410 kuma na nufin da yana nan amma an cire shi. Akwai masu saitin da ke jin kunyar 404, sai su umarci saba ta mayar da duk wanda ya nemi abin da babu zuwa shafin farko tare da lambar 200, kamar an biya masa bukata. Wannan ƙaramar ƙarya ce, amma ƙarya ce, kuma al'adar ilimin da mutanen ƙasar nan suka gada ba ta yarda da ita ba, domin an ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48 ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba, kuma malamai sun lissafa haka cikin darajojinsa. Ɗalibin da ya nemi darasi na ashirin aka ce masa babu zai je ya nema a wani wuri, wanda aka mayar shafin farko shiru kuwa zai yi ta kewayawa yana zargin wayarsa ko kansa. Idan kuma an cire wani karatu ne da gangan saboda malamin ya janye maganarsa, to faɗin cewa an cire ya fi kusa da gaskiya a kan nuna kamar bai taɓa wanzuwa ba.

Janyewa tana kai ga matsalar da ta fi kowace wuya, wato matsalar lokaci. Domin rage wahala da kuɗin data, saba takan gaya wa burauza ta ajiye kwafin fayil na wani lokaci, kwana ɗaya ko wata ko shekara, kada ta sake nema, kuma idan lokacin ya cika takan tambaya ko an sauya, saba ta amsa da 304 idan yana nan yadda yake. Wannan rahama ce ga mai ƙaramin ƙarfi, kamar yadda barin mutum ya ci gaba da sauke dogon sauti daga inda layi ya katse masa rahama ce, musamman ga na ƙauyukan da ke kewaye da Dutse inda sadarwa ke zuwa tana ɗaukewa. Amma idan aka gano kuskure a lissafin gado da ke cikin wani fayil aka gyara, wanda aka ce wa burauzarsa ta riƙe tsohon kwafi shekara guda zai ci gaba da ganin kuskuren. Idan kuma aka maye gurbin fayil da sabo a ƙarƙashin suna ɗaya ba tare da sanarwa ba, mutum biyu za su iya yin jayayya kowa yana cewa daga wuri ɗaya ya ɗauko, kuma dukansu masu gaskiya ne. Komawa ga gaskiya wajibi ne a kan malami, sai dai marubutan da suka gabata sukan yi gyara a gefen takarda inda mai karatu zai ga asali ya ga gyara, kuma abin da ya yi daidai da haka a yau shi ne a ba sabon fayil sabon suna mai kwanan wata, a kuma rubuta abin da aka sauya. Wannan bai tsaya ga karatun addini ba. Shirin da Bankin Duniya ya fara da jihohin Nijeriya a 2018 domin ƙarfafa bayyana harkokin kuɗi ya sharɗanta wallafa kasafin kuɗi da rahoton binciken asusu a intanet, kuma waɗannan takardu kafaffun fayiloli ne da darajarsu duka ta rataya a kan tabbacin cewa abin da talaka ya sauke bara shi ne abin da ɗan majalisa zai sauke bana.

Masu kwafar littattafai da hannu suna da abin da suke kira muƙabala, wato a zauna mutum biyu ɗaya yana karanta asali ɗaya yana bin kwafi, kamar yadda alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka yake kai shi gaban gwanaye su bi shi wasali da wasali kafin a yarda da shi. Fasaha ta samar da muƙabalarta: akwai lissafin da ake kira SHA-256, wanda ke fitar da hatimi mai alamomi 64 daga kowane fayil, kuma sauya ɗigo ɗaya a cikin fayil ɗin yana sauya hatimin baki ɗaya, don haka wallafa hatimin kusa da littafi yana ba kowa damar tabbatarwa da kansa. Haka nan rufe hanyar da ke tsakanin saba da mai karatu da tsarin HTTPS yana hana wani na tsakiya cusa abin da ba ya ciki, kuma tun da Let's Encrypt ta fara ba da takardar shaidar wannan tsari kyauta a 2015, uzurin tsada ya faɗi.

Duk da wannan, kuskure ne a ɗaukaka sabar kafaffun fayiloli fiye da matsayinta. Gaskiya ne akwai wani adalci a cikinta da babu shi a shafukan da ke auna mutum kafin su nuna masa abu, domin abin da ta ba basarake shi za ta ba almajiri, kuma ba ta neman riƙe kowa ta hanyar nuna masa abin da ke tayar masa da hankali. Amma ba kowa abu ɗaya ba shi ne dukan hikima ba. Malamin zaure yana duban wanda ke gabansa, ya faɗaɗa wa wani ya taƙaita wa wani, kuma Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 684 bayan hijira, ya yi gargaɗi mai tsanani a kan ba mutum fatawa da al'adar garin da ba nasa ba. Malaman hadisi sun lissafa hanyoyi takwas na ɗaukar ilimi, suka fara da ji daga bakin malami da karanta masa, suka ƙare da wijada, wato mutum ya tsinci rubutun wani ba tare da ya ji daga gare shi ko ya sami izininsa ba. Duk abin da aka sauke daga saba wijada ce, komai ingancin saitinta. Abin da ya dace da ita shi ne nassi da littafi da takardar hukuma, waɗanda kyawunsu yana cikin rashin sauyawarsu, amma amsar da malami ya ba wani mutum a Limawa a kan rikicin gonarsa, idan aka yanke ta aka ajiye, za ta isa ga wani a Kumasi ko Jidda bayan shekara goma kamar da shi ake. Tunda na'urar ba za ta iya cewa wannan ba da kai ake ba, wajibi ne wanda ya ɗora ya rubuta sunan mai magana, da wuri, da shekara, da tambayar da aka yi, da littafin da ake karantawa, a jikin fayil ɗin kansa, domin fayil yakan rabu da shafinsa ya shiga WhatsApp tun a ranar farko.

Saba tana kuma rubuta duk wanda ya zo: adireshin na'urarsa, da lokacin zuwansa, da abin da ya nema. Wannan rajista tana da amfani wajen gano matsala da kutse, sai dai wanda ya sauke karatu a kan saki ko bashi ko wata cuta ya bar alamar damuwarsa a ciki, kuma Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane tun kafin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora nata sharuɗɗan. Taƙaita abin da ake rubutawa da goge shi bayan ɗan lokaci yana cikin saiti, kuma yana cikin amana.

Saura batun dawwama, inda mutane suka fi ruɗuwa. Ana ɗora karatu da niyyar sadaka mai gudana, ana zaton abin da ya hau intanet ya zauna ke nan, alhali binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta wallafa a 2024 ya nuna cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke nan a 2013 ba a iya samun su bayan shekara goma. Takardar da aka rubuta da tawada aka sa a gafaka tana iya shekara ɗari biyu ba wanda ya biya mata ko kwabo, kamar yadda rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u da ke Gidan Arewa a Kaduna da wasu gidajen malamai suka shaida, amma sunan shafi haya ce da ake sabuntawa duk shekara, ko a ƙarƙashin .ng da ƙungiyar NiRA ke kula da shi ko a waninsa, kuma idan aka bari ya faɗi wani yana iya saye ya ɗora abin da ya ga dama a adireshin da mutane suka sani da sunan malaminsu. Kafaffen fayil ya fi kowane nau'i sauƙin rayarwa, domin kwafar jakarsa zuwa wata saba ya wadatar, amma ko shi yana bukatar mai kula, kamar yadda wakafi ke bukatar nazirin da zai tsaya a kansa. Halilu ya ambata cewa wanda aka ba ajiya, idan ya mutu bai yi wasiyya da ita ba kuma ba a same ta a kayansa ba, ana biyan ta daga abin da ya bari, matuƙar ba a ɗauki lokaci mai tsawo kamar shekara goma ba, saboda shirun da ya yi a kanta sakaci ne. A bisa wannan, matashin da kalmar sirrin saba da rajistar sunan shafin makarantarsu ke kansa shi kaɗai, a kan lambar wayarsa da adireshin imel nasa, yana cikin halin da fiƙihu ya riga ya yi magana a kansa, kuma abin da zai sauke masa nauyi shi ne ya rubuta inda komai yake da ranar da haya ke ƙarewa, ya damƙa wa mutum biyu amintattu daga cikin dattawan makarantar, ya kuma ajiye cikakken kwafin fayilolin a wani faifai da ke hannun waninsa.